Motar Da da Motar Yanzu a Ƙasar Tasawa

A ƙarshen shekarar 1924, zamanin Sarki Barmu, motoci 8 suka shigo Tasawa. Turawan Faransa ne suka zo da su, ƙirar Citroën. Sun taso daga Aljeriya ran 28 ga Oktoba, suka keta hamada, suka biyo ta Yamai, suna nufin Damagaram da tafkin Cadi. Har hoton sarki suka ɗauka kafin su wuce.

Yaya waɗannan motoci suke? A gaba ƙafa biyu ce ta roba. A baya kuwa an naɗa wata doguwar roba mai faɗi bisa ƙananan ƙafafu, tana juyawa kamar ta tankar yaƙi. Saboda rairayi aka yi haka. Duk wanda ya taɓa ƙetare Gulbin Kaba wajen Mayayi ya san yadda rairayi ke riƙe ƙafar mota. Ƙarfin injinta na doki 20 ne kawai. Tafiyarta a hankali, ga amalanken kaya tana ja a baya.

Yanzu ku dubi kat-kat ta yau, irin Toyota Land Cruiser mai injin V8 da aka fara ƙerawa a 2007. Ƙarfinta ya fi na doki 200. Ƙafafunta huɗu duk suna ja, shi ya sa ake ce mata kat-kat, wato huɗu-huɗu da Faransanci. Akwai sanyi a ciki, ƙura ba ta shiga. Daga Maraɗi zuwa Tasawa bisa gudro, awa biyu ta ishe ta.

Amma akwai inda suka yi kama. Ta 1924 ba ta ɗauki talaka ba. Ta yau ma, manya da ma'aikatan furoje ne a ciki, sai ko motar likita in an yi sa'a. Kuma akwai kwamfuta cikin injinta. In ta lalace a ƙauye, makaniki ba ya gane ciwonta da kunne. Sai an kai ta birni an sa mata na'ura.

A ganina, motar da ta yi wa manomi aiki tana tsakaninsu: Peugeot 404 mai tanti a baya, wadda muke kira bashe. An fara ƙera 404 a 1960. Ƙafa biyu kaɗai ke ja, in ta kafe sai fasinja su sauka su tura, wani lokaci har da yankar geza a shimfiɗa mata. Duk da haka ta kai buhun gyaɗa kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti, ta ɗauki tunkiya da mai ita. In ta mutu a hanya, direba da yaron mota su buɗe kai, da sifana da guntun waya, kafin la'asar ta tashi.