Haƙƙin Iyaye a Darasin Adabi: Tarihin Wani Giɓi a Makarantun Damagaram

Tun daga 1899 da Faransawa suka ci Damagaram, karatun boko a wannan ƙasa da Faransanci aka gina shi. Bayan samun mulkin kai a 1960 an shigar da marubutan Afirka cikin tsarin karatun kwaleji, amma harshen koyarwa bai sake ba. Saboda haka yaron da ya fito daga Droum, a yankin Mirya, ya kai kwaleji, da harshen da mahaifinsa ba ya ji ake tambayarsa abin da ya wajaba a kan ɗa game da iyayensa.

Littafin da ya fi shahara a wannan darasi shi ne Sous l'orage na Seydou Badian, mutumin Mali, wanda ya fito a 1957. Benfa ya yi niyyar aurar da ɗiyarsa Kany ga attajiri Famagan, ita kuwa Samou take so. Wanta Sibiri ya tsaya a bayan uba, ɗan'uwanta Birama ya ƙi. Labarin ba baƙo ba ne ga ɗan Damagaram, don kuwa ya san irinsa a gidansu. Wahalar tana ga kalmomi. Faransanci na tara abubuwa da yawa ƙarƙashin kalma guda ta wajibi, alhali Bahaushe ya rarrabe biyayya da zumunci da kara da kunya. Kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ambaton sunan ɗanta, ba ta da mazauni a cikin amsar jarrabawa, sai dai a fassara ta da dogon bayani.

Abin lura shi ne, tun 1934 akwai rubutun Hausa a kan wannan batu. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta ƙetare Sahara neman ɗanta. A Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, dukiya ce ta raba Abubakar da Zainab, fansar ta faɗa kan ɗan da aka haifa. Iyakar da Turawa suka shata ta tsare littattafan nan a makarantun Nijeriya.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda ake fara karatu da Hausa, a 1974 kuma aka kafa INDRAP. Aikin ya yi albarka, sai dai ƙarfinsa ya tafi ga littattafan firamare. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, kuma Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Abin da ke gaban masu tsara karatu yanzu shi ne zaɓen gajerun labarai na matakin kwaleji, da daidaita kalmomin nazari irin su jigo da salo da zubi, da horar da malaman da aka koya wa sharhin adabi da Faransanci kaɗai.