Fafe Gora Ranar Tafiya: Jami'o'in Amurka da Horar da Ma'aikatan Yaƙi, 1940-1945

Gabatarwa

Masu hikima sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai tarihi ya nuna mana wata ƙasa da tafiya ta kama ta gorarta ba a fafe ba, ta kuma duƙufa ta fafe ta a kan hanya. Ƙasar nan ita ce Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wuƙar da ta yi fafen da ita kuwa jami'o'inta ne. A wannan maƙala za mu dubi yadda gwamnatin ƙasar ta biya jami'o'i kuɗi domin su horar da ma'aikatan masana'antun makamai, da irin mutanen da wannan shiri ya buɗe wa ƙofa, da kuma abin da ya bari bayan ƙura ta lafa.

Mafarin Al'amarin

A watan Mayu na 1940, yayin da dakarun Hitila suke kutsawa cikin Faransa, Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi ƙasarsa ta riƙa ƙera jiragen sama 50,000 a shekara. Faɗar adadi abu ne mai sauƙi, amma jirgi ba ya ƙera kansa. Ana bukatar mai zana taswirarsa, da mai gwada ƙarfin ƙarfe, da mai duba ko kusa ta dace da raminta, da mai tsara aikin dubban mutane. Injiniyoyin da jami'o'i suke yayewa ba su kai ko kusa da bukata ba, ga shi digiri yana cin shekara huɗu, yaƙi kuwa ba ya jiran ranar yaye ɗalibai.

Saboda haka a watan Oktoba na 1940, fiye da shekara guda kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 9 domin gajerun kwasa-kwasan aikin injiniya. An damƙa shirin a hannun Ofishin Ilimi na ƙasa, ƙarƙashin John Studebaker, aka kuma ɗauko Roy Seaton, shugaban tsangayar injiniya a kwalejin jihar Kansas, ya zama daraktansa na farko. A 1941 aka faɗaɗa shi ya haɗa da kimiyyar sinadarai da fiziks da dabarun gudanarwa. A 1942, bayan ƙasar ta shiga yaƙin, aka sauya kalmar tsaro da ke cikin sunansa da kalmar yaƙi, ya zama shirin da aka fi sani da ESMWT.

Yadda Aka Tafiyar da Shi

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Jami'a za ta tuntuɓi masana'antun da ke yankinta ta ji irin ma'aikatan da suke nema, ta tsara kwas, ta aika Washington a amince, gwamnati kuma ta biya kuɗin malamai da kayan aiki. Ɗalibi ba ya biyan ko anini na karatu. Mafi yawan kwasa-kwasan na 'yan watanni ne, da yawansu kuma da dare ake yi, domin ɗaliban ma'aikata ne da suka wuni a gaban inji. Ba a harabar jami'a kaɗai ake darasi ba. Malamai kan bi ɗalibai har makarantun sakandare na garuruwa, har ma cikin masana'antu. Galibi ba a lissafa karatun cikin na digiri, takardar shaida kawai ake bayarwa.

Kafin a rufe shirin a ƙarshen watan Yuni na 1945, kwalejoji da jami'o'i 227 sun shiga cikinsa, an yi rajistar ɗalibai kusan miliyan 1.8, an kuma kashe kimanin dala miliyan 60. Idan muka raba za mu ga kowace rajista ba ta ci wa gwamnati fiye da dala 35 ba.

Waɗanda Ƙofa ta Buɗe wa

A nan ne labarin ya fi jan hankalinmu. Kafin yaƙi, aikin injiniya a Amurka gado ne na maza farar fata. Da aka kwashe samari zuwa fagen fama, sai aka ga cewa dole uwar na ƙi ce. Mata suka cika azuzuwan zanen taswira da lissafi da gwajin sinadarai, har rajistarsu ta haura 280,000.

Baƙar fata ma sun samu ɗan rabo, ko da yake ba a ruwan sanyi ba. Sai da shugaban ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar jagorantar gagarumin tattaki zuwa Washington, sannan Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 8802 a watan Yuni na 1941, wanda ya haramta wariyar launin fata wajen ɗaukar aiki a masana'antun tsaro. A Cibiyar Hampton da ke jihar Virginia, makarantar baƙar fata, an buɗe ajin injiniya na mata ƙarƙashin wannan shiri. Wasu daga cikin waɗanda suka kammala suna cikin matan farko baƙar fata da cibiyar binciken jiragen sama ta Langley ta ɗauka a 1943 domin yin lissafi. Amma fa an ware musu ɗakin aiki dabam, da teburin cin abinci dabam, da makewayi dabam. Ƙasar tana bukatar ƙwaƙwalwarsu, amma ba ta shirya zama tabarma ɗaya da su ba. Ba a rushe wannan sashe na wariya ba sai 1958.

Da yaƙi ya ƙare sojoji suka komo gida, an sallami ɗimbin mata daga masana'antu domin a bai wa maza gurbinsu. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta cika jami'o'i da maza masu neman cikakken digiri, ita kuwa takardar kwas na wata uku ba ta iya gogayya da digiri. Ga mata da yawa, an ci moriyar ganga ne an ya da kwaurenta.

Irin da Ya Tsira a Wata Gona

Akwai wani darasi guda da ya yi tsawon rai fiye da shirin kansa. Tun a shekarun 1920 Walter Shewhart ya fito da hanyar amfani da ƙididdiga wajen gano ko aikin inji ya fara kaucewa ƙa'ida, tun kafin ya tara kaya marasa inganci. Masana'antu kaɗan ne suka kula da ita. A 1942, bisa shawarar W. Edwards Deming, Jami'ar Stanford ta fara koyar da wannan hanya a kwas na 'yan kwanaki, daga nan ya bazu zuwa wasu jami'o'i. Waɗanda suka koya su ne suka haɗu suka kafa ƙungiyar kula da ingancin kaya ta Amurka a 1946. A 1950 Deming ya tafi Japan, ƙasar da aka ƙera makaman domin murƙushe ta, ya koya wa injiniyoyi da shugabannin kamfanoninta wannan ilimi. Japanawa suka rungume shi hannu biyu, kuma cikin shekaru talatin motocinsu da rediyoyinsu suka addabi na Amurka a kasuwar Amurka kanta. Ilimi ba ya tambayar tutar wanda ya ɗauke shi.

Kammalawa

Mu da muke rayuwa cikin jami'a, malamai da ɗalibai, mun saba jin cewa jami'a ba ta iya sauri, kuma ba kowa ne zai iya ɗaukar karatunta ba. Wannan tarihi ya ƙaryata zantukan biyu. Cikin 'yan watanni an tsara darussa, an kai su inda mutane suke, kuma waɗanda aka ce ba za su iya ba sun iya. Abin takaicin shi ne sai da aka ji ƙarar bindiga sannan aka gano haka, da ta yi shiru kuma aka soma mai da ƙyaure. Basirar matan Hampton tana nan tun kafin 1940. Abin da babu shi ne mai neman ta. Ya kamata kowace jami'a ta tambayi kanta su wane ne suke tsaye a bakin ƙofarta yau, kuma wane bala'i take jira kafin ta ce musu su shigo.