Ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur RAM: Abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗi

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da wuraren cike fom ɗin JAMB a Tsafe da Gusau da Bungudu na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo ta kasuwar Computer Village ta Legas ko Titin Beirut na Kano. Idan irin wannan na'ura ta fara nauyi, magani mafi araha shi ne a ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ake ciki. Sai dai ba kowace sandar RAM ke shiga kowace kwamfuta ba. Ga mai shago a Tsafe, kuskuren saye na nufin asarar kuɗi da ta wunin aiki, da kuma sake hawa hanyar da kowa ya san halin da take ciki domin mayar da kaya.

Zuriya ce farkon abin dubawa

RAM ta kasu zuriya-zuriya, bisa ƙa'idojin hukumar JEDEC. DDR2 ta fito a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 kuma a 2014. Kowace da ƙarfin wutar da take sha: DDR2 volt 1.8, DDR3 volt 1.5, DDR4 volt 1.2. DDR2 da DDR3 na tebur duk haƙora 240 gare su, shi ya sa ido ke ruɗuwa, amma giɓin da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya yake ba. An yi haka ne da gangan don kada wata ta shiga gurbin wata. Sandar da ta ƙi zama, danna ta da ƙarfi ba abin da zai haifar sai karyewar gurbi. Ta laftof kuwa gajera ce, ba ta shiga ta tebur sam.

Wa ke yanke hukuncin gudu?

Lambar da ke jikin sanda iyakar gudunta ce kawai. Abubuwa uku ke taruwa a kan maganar: furosesa, da babban allon da masu gyara ke kira madabod, da ita sandar, kuma mafi rauninsu ake bi. A zamanin Core 2 Duo, mai sarrafa RAM yana kan madabod ne. Kamfanin AMD ya mayar da shi cikin furosesa tun 2003, Intel ya biyo baya a 2008.

Alal misali, Core i5-2400 na 2011, wanda ake samu a OptiPlex 790 da HP Compaq 8200, iyakarsa a hukumance DDR3-1333 ce. Idan aka saka masa DDR3-1600 za ta yi aiki, amma a kan 1333. Core i5-3470 na 2012 da i5-4570 na 2013 su ne ke kaiwa 1600. Haka nan idan aka haɗa sanda mai gudu da maras gudu, duka biyun za su koma tafiyar maras gudun. Saboda haka biyan ƙarin kuɗi don babbar lamba, a na'urar da ba za ta iya da ita ba, zuba ruwa ne a rariya.

Takardar da ke manne da sandar na bayyana komai: PC3-10600 na nufin DDR3-1333, PC3-12800 na nufin DDR3-1600. PC3L kuwa ita ce mai volt 1.35, wadda galibi ke aiki a inda ake saka mai 1.5. Akasin haka ba shi da tabbas.

Tarkuna uku da suka fi kama mutane

Na farko shi ne yawan ƙwayoyin baƙaƙen da ke jikin sanda. Tsofaffin madabod masu G41, na zamanin Core 2 Duo, sukan ƙi sandar gigabait 4 mai ƙwayoyi takwas a gefe ɗaya, amma su karɓi mai ƙwayoyi 16 a gefe biyu. Zuriya ɗaya, gudu ɗaya, girma ɗaya, amma allo ya tsaya baƙi.

Na biyu, RAM ɗin manyan kwamfutocin saba. Tana da araha a kasuwar kayan hannu, kuma takan ɗauki harafin R a ƙarshen lambarta, kamar PC3-10600R. Tana shiga gurbi lafiya, amma kwamfutar tebur ta yau da kullum ba ta tashi da ita.

Na uku, manhaja. Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko da an cika gurabe duka. Sai an sauya zuwa mai bit 64.

Matakan da suka dace

Kafin a fita kasuwa, a rubuta sunan samfurin kwamfutar, a ɗauki hoton takardar sandar da ke ciki. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna furosesa da madabod da irin RAM ɗin da ke aiki. Sanduna biyu iri ɗaya, a gurabe masu launi ɗaya, sun fi guda ɗaya babba, domin suna buɗe hanya biyu ta kai bayanai. Ga aikin ofis da intanet, tashi daga gigabait 4 zuwa 8 ya fi tashi daga 1333 zuwa 1600 tasiri nesa ba kusa ba.

A zare wayar wuta kafin a buɗe akwati, a taɓa ƙarfen jikinsa, a riƙe sanda ta gefenta. Idan na'ura ta yi ta ƙara ba hoto, a fara zargin ƙurar hunturu: a goge haƙoran da robar goge fensir, a sake sakawa. A kuma cimma yarjejeniya da mai sayarwa kan mayarwa, ko mafi kyau a tafi da akwatin a gwada a gabansa.

Daga ƙarshe, a yi lissafi. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na bai-ɗaya ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar waɗannan furosesoshi a hukumance. Ƙarin RAM na iya ƙara wa tsohuwar na'ura kwana, amma kada kuɗin gyara ya kusa kuɗin wadda ta fi ta.