Matakan mulki da kuɗin ayyukan jama'a a Madawa, Buza da Keita

Madawa, Buza da Keita gundumomi ne na jihar Tawa a Nijar. A zamanin Faransawa kwamanda ke yanka lanho, wato haraji, sarakuna da masu gari su tara, kuɗin ya haura sama. Dokar 1964 ta kasa ƙasar zuwa manyan yankuna 7, garuruwan nan uku suka zama arondisima a ƙarƙashin Tawa, kowace da supirefe wanda Yamai ke naɗawa.

Dokokin 2002 ne suka sauya tsarin. Tawa ta zama jiha, arondisima suka zama gundumomi, aka kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasar, aka yi zaɓensu na farko a Yulin 2004. Madawa ta samu 6, ciki har da Bangi da Sabon Gida. Buza 7, irin su Karofan da Tama. Keita 4, har da Tamaske da Ibohaman. Gwamna da perefe wakilan gwamnati ne, magajin gari kuwa a lokacin daga zaɓaɓɓun kansiloli yake fitowa.

Wahalar tana wajen kuɗi. Ƙaramar hukuma ta dogara ne da lanhon da masu gari ke tarawa, wanda a ƙauyuka da dama sefa 700 ne kan mutum guda, wato dala 140, sai harajin kasuwa, na kara da na tasha. Inda ake lodin albasa, kamar Madawa, akwai ɗan sauƙi. Wadda ba ta da babbar kasuwa kuwa da ƙyar take biyan ma'aikatanta. An kafa hukumar ANFICT a 2008 domin tallafa musu, kuma a 2016 gwamnati ta miƙa musu wani ɓangare na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Nauyin ya sauko, kuɗin bai biyo shi yadda ya kamata ba, abin da ke da ciwo ga ƙauyen da famfonsa ya lalace.

Manyan ayyukan da ake gani a yankin, yawanci daga waje kuɗinsu ya zo. Ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro masu kare iska a kwarin Majiya a 1975. Aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, mata ne suka fi ɗaukar duwatsun gyaran fako ana biyansu da abinci.

A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun ƙananan hukumomin, ta naɗa kantomomi a madadin magadan gari.