Cinikin Biri a Sama: Tarihin Na'urar Finbol da Farashin Kwalin da Ba a Buɗe Ba

A ranar 25 ga Oktoba, 1999, kamfanin WMS na birnin Shikago ya rufe sashensa na ƙera na'urar finbol. Wannan sashe shi ke riƙe da sunaye biyu mafi girma a sana'ar, Williams da Bally. Shugabannin kamfanin sun buga lissafi sun ga na'urorin gidajen caca sun fi kawo riba, sai suka sallami ma'aikata suka juya can. Gottlieb, wanda ya girme su duka, ya riga ya durƙushe tun 1996, shekarar da Capcom ma ya tattara nasa ya nasa ya bar fagen. Babban kamfani ɗaya tal ya rage, na Gary Stern. A wancan lokaci 'yan kasuwa neman kai suke yi da abin da ya rage musu a rumbu. Yau kuwa, kwali guda daga cikin waɗancan, matuƙar ba a yanke ɗaurinsa ba, ya isa ya sa masu tara kayan daga Amurka da Jamus da Ostareliya su yi ta ƙara wa juna kuɗi.

Wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai Windows XP ya san surar wasan, domin Space Cadet da ke zuwa a cikinta kwaikwayon finbol ne. Na gasken teburi ne na katako mai ƙafafun ƙarfe huɗu, nauyinsa ya haura kilo 100, samansa rufe da gilashi, ya ɗan karkato wajen mai wasa. Ka jefa sulalla, ka ja sifirin ka saki, ƙwallon ƙarfe ya haura ya gangaro yana karo da abubuwa, kai kuma kana kare shi daga faɗawa rami da filafilai biyu masu maɓalli a gefen teburin. A can ƙarshe akwai akwati a tsaye mai zane da fitilu, inda maki ke fitowa, kuma a cikinsa ƙwaƙwalwar na'urar take.

Asalin wasan daga Faransa ne, wani wasan teburi na ƙarni na 18 da ake kira bagatelle. A 1871 wani Bature ɗan Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar dabarar harba ƙwallon da sifirin. Amma kasuwa ba ta buɗe ba sai a 1931, tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka, lokacin da David Gottlieb ya fito da Baffle Ball. Dala 17.50 mai shago zai biya ya ɗora ta a kan kanta, talaka kuma ya yi wasa da senti ɗaya. An sayar da fiye da 50,000. Shekara ta zagayo Raymond Moloney ya fitar da Ballyhoo, wadda daga sunanta kamfanin Bally ya samo nasa, sannan a 1933 Harry Williams ya sa wa wasan lantarki.

Na'urorin farko ba su da filafilai. Ka harba ƙwallo ka zuba ido, wasu ma har kuɗi suke biya in an dace. Hukuma ta kira abin da sunansa, caca. A watan Janairun 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta finbol, 'yan sanda suka kwashe dubbai, aka farfasa su da guduma a gaban masu ɗaukar hoto. Shikago kanta, inda masana'antun suke, ta hana wasan a cikin gari. Filafilai sun zo a 1947 tare da Humpty Dumpty na Gottlieb, amma dokar New York ba ta motsa ba sai a 1976, ranar da wani matashin marubuci, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin, ya faɗi layin da ƙwallonsa zai bi kafin ya harba, ƙwallon kuma ya bi ta nan. 'Yan majalisa suka yarda cewa gwaninta ce, ba sa'a ba.

Abin da ya kamata mai kimanta farashi ya ɗauka daga wannan tarihi shi ne, finbol kayan aiki ce tun ranar farko. Masana'anta ta sayar wa babban dila, dila ya sayar wa ɗan kasuwar da ke rarraba na'urori a mashaya da gidajen abinci da ɗakunan wasa, shi kuma ya riƙa zagayawa yana kwashe sulalla suna rabawa da mai shago. A wurin irin wannan mutum, kwali a rufe kuɗi ne a kwance. Ranar da kaya ya iso, ranar ake yanke ɗauri. Idan na'ura ta daina kawo kuɗi a wuri mai kyau, a mai da ita wuri mai rauni, daga can a cire mata sassa ko a kai ta juji. Saboda haka duk tsohuwar na'urar da ta kai yau a cikin kwalinta, wani abu ne ya karkace: dila ya karye, ko an manta da ita a bayan rumbu, ko wanda ya saya ya rasu kafin ya buɗe. Masu sana'ar suna yi wa irinta laƙabi da haruffa uku, NIB, wato sabuwa a cikin kwali, kuma a bakinsu darajarta tana sama da wadda aka yi amfani da ita a gida kaɗai, balle wadda ta sha hannun jama'a a mashaya.

Sai dai tambayar farko da masani zai yi ba ta shekaru ba ce. Sunan wasan zai tambaya. Magada da yawa sukan yi mamaki idan aka gaya musu cewa na'urar 1965 ba ta kai ta 1995 kuɗi ba, alhali a yawancin lokuta haka abin yake. Masu kuɗin saye a yau su ne samarin shekarun 1990, kuma abin da suka buga a lokacin suke nema. The Addams Family, wadda Pat Lawlor ya tsara a 1992, an ƙera guda 20,270, babu wata mai filafilai da ta kamo ta a yawa, amma duk da haka tana da tsada domin masu sonta sun fi ta yawa. Medieval Madness ta 1997 guda 4,016 ce. Cactus Canyon ta 1998 kuwa 903 kacal aka yi, aka fitar da ita ma ba a gama rubuta manhajarta ba, don hankalin kamfanin ya koma kan wani sabon tsari. Waɗannan su ne ƙarancinsu ya haɗu da farin jini. Akwai kuma na'urori da dama da aka ƙera kaɗan don kawai ba wanda ya so su, kuma rufaffen kwali ba ya mai da wasa marar daɗi ya zama mai daɗi.

Ajiye kwali da gangan sabuwar ɗabi'a ce, kuma labarin na'urar Big Bang Bar ya nuna yadda ta soma. Capcom ya yi samfurinta 'yan ƙalilan a 1996 kafin ya rufe sashensa na finbol. Wani ɗan kasuwa a jihar Illinois, Gene Cunningham, ya sayi izini ya sake ƙera ƙasa da 200, ya sa musu dala 4,500, suka isa hannun masu saye a 2006 da 2007. Shi asara ya yi. Waɗanda suka saya kuwa suka ga farashi ya ninka ya sake ninkawa, wasu suka ƙi ma buɗewa. Daga nan kwali ya zama jari.

To, a nan ne matsalar take. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, da finbol ta koma aiki da allon lantarki irin na kwamfuta, kowace na'ura tana buƙatar batir don ta tuna maki da lissafin kuɗin da ya shiga. Bally na wancan zamani ya manne batirinsa a jikin allon da dalma. Williams ya yi amfani da ƙananan batura uku irin na rediyo, su ma a jikin allon. Batir in ya shekara da yawa yoyo yake yi, ruwansa kuma yana cin siraran layukan tagulla da ke kan allon, yana bin ƙafafun sassa yana mai da su kore. Wanda ke wasa da na'urarsa yakan canza batir, ko ya ga alama ya yi maza. Wadda ke rufe ba ta da mai duba ta. Robobin da ke zagaye da ginshiƙan filin wasa su ma sukan bushe su tsattsage. Fentin da ke bayan gilashin akwati yakan ɓare idan ya sha sanyi da zafi. Rumbu mai danshi yakan kumbura katako, ya sa ƙarfe tsatsa, ɓera kuma ba ya neman izini. Leƙe ta ramin kwali ba ya nuna komai, don allon yana cikin akwati a kulle, akwatin kuma a kife yake a kan gilashi.

Wasu sukan kwatanta da wasannin bidiyo, suna tuna yadda Heritage Auctions ya sayar da Super Mario 64 rufaffe a kan dala miliyan 1.56 a watan Yulin 2021. Kwatancin bai zauna ba. Wancan ɗan ƙaramin abu ne a cikin leda mai shara-shara, ana iya juya shi a hannu a ba shi daraja, kuma farashin irinsa ma ya zube daga baya. Finbol dubban sassa ce a cikin duhu. Sharpe ya sha wahala ya nuna wa duniya cewa wasan ba caca ba ne, sai ga shi cinikin rufaffiyarta ya zama caca tsantsa, cinikin biri a sama.

Duk da haka, a ganina mai sayarwa bai kamata ya buɗe ba. Ɗaurin nan shi kaɗai ne abin da yake da shi fiye da sauran masu tsabtatacciyar na'ura, kuma in ya yanke ba ya ɗinkuwa. Abin da ya rage masa shi ne gaskiya da hujja. Ya ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, har da gindinsa inda ruwa ke barin tabo. Ya nuna takardar da ke ɗauke da lambar na'ura, da tambarin kamfani, da ɗaurin asali, da rasit in akwai. Ya faɗi inda kwalin ya zauna duk waɗannan shekaru, cikin gida ne ko gareji. Ya kuma faɗa tun farko cewa bai san halin da batir ke ciki ba, kuma ba zai karɓi kaya in an buɗe ba. Mai saye da ya san sana'ar zai cire kuɗin sabon allo da robobi daga tayinsa ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Ana ƙera allunan canji yanzu, sai dai mai neman komai na asali ba ya ɗaukar su daidai da na farko.

Wajen sa farashi, kuɗin da aka sallama shi ne ma'auni, ba wanda wani ya rubuta a talla yana jira ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemo nawa aka sayar da mafi tsabtar irinta a 'yan watannin nan, sannan a ɗora kuɗin kwali a kai. Yawan abin da za a ɗora ba shi da jadawali, don irin wannan ciniki bai cika faruwa ba, sai abin da mutum biyu masu zafin so suka tsayar. Akwai kuma wata iyaka da ba a rubuta ba: sabuwar na'urar Stern a 'yan shekarun nan tana tsakanin kusan dala 7,000 da 13,000, da garanti. Duk wanda zai wuce nan don tsohon kwali, ba wasa ya zo saye ba.

Shi ya sa gwanjo ya fi dacewa da irin wannan kaya, ko da yake gidan gwanjo yana cin la'ada ta ɓangaren mai saye da na mai sayarwa. A watan Satumban 2021, da gidan tarihin finbol na garin Banning a Kalifoniya ya rufe, an yi gwanjon na'urorin wasa fiye da dubu, ɗaruruwa daga ciki finbol ne, kuma farashin ya ba tsofaffin 'yan sana'ar mamaki. Zamanin korona ne, mutane na zaune a gida da kuɗi a hannu. Wanda ya zaɓi sayarwa kai tsaye ya tsira da la'adarsa, amma shi zai yi fama da 'yan damfara masu aiko da cekin bogi. Al'adar masu tara finbol ita ce a zo a gani, a ƙirga tsabar kuɗi a kan gilashin na'ura, a ɗauka. Rufaffen kwali ba ya ba da wannan dama. Ga kuma dako: kwalin a tsaye masana'anta ta shirya shi a kan katakon ɗauka, dole a tsaye zai yi tafiya, da inshorar da ta kai kuɗinsa, don huda ɗaya daga bakin motar ɗaga kaya ta isa ta tafi da ribar.

Mai cewa bari ya ƙara jira farashi ya hau, batir ba shi kaɗai ne abokin tserensa ba. Tun da Jersey Jack Pinball ya fitar da The Wizard of Oz a 2013, Stern ya samu kishiya, sana'ar ta farfaɗo, kuma masu ƙira suka gane cewa akwai kuɗi a tsofaffin sunaye. A shekarar ce aka sanar da sake ƙera Medieval Madness da izini, Chicago Gaming Company ya fara raba sababbi a 2015, kuma duk wanda burinsa kawai ya buɗe sabon kwali ya buga wasan ya samu hanya ba tare da ya bi ta kan mai tsohon ajiya ba. Attack from Mars da Monster Bash suka biyo baya. A 2021 layi ya zo kan Cactus Canyon, mai guda 903, kuma sabuwar ta zo da kammalalliyar manhajar da ta asali ba ta samu ba.