Bashin Rupi 500: Mother India da Zamanin da Fim Ya Yi Tashe a Bombay

A ranar 25 ga Oktoba 1957, lokacin bikin Diwali, aka fara haska wani fim a sinimar Liberty da ke Bombay, wanda labarinsa gaba ɗaya ya rataya a kan rupi 500. Wata tsohuwa ce ta ranto kuɗin a wajen Sukhilala, attajirin ƙauyensu mai ba da rance da ruwa, don ta yi wa ɗanta Shamu bikin kece raini. Ta jinginar da gonarsu. Da kaka ta yi sai gardama ta tashi kan sharaɗin biya, dattawan gari suka zauna, suka ba mai takarda gaskiya: kashi uku cikin huɗu na duk abin da aka girbe nasa ne, kuma wannan ruwan kuɗin ne kawai, uwar kuɗi tana nan daram.

Amaryar da aka ci bashin dominta ita ce Radha. Ita da mijinta suka shiga sassabe wani fako mai duwatsu don su ƙara gona, wani ƙaton dutse ya danne hannuwan Shamu biyu, ya nakasa. Gorin attajirin ya ishe shi, wata rana da dare ya fice daga gida, ba a sake ganinsa ba. Shanun huɗa suka salwanta, Radha ta ɗora garma a kafaɗarta ta ja da kanta. Ambaliya ta cinye ƙauyen, 'ya'ya biyu kaɗai suka rage mata, Ramu mai haƙuri da Birju mai zafin zuciya. Sukhilala ya yi mata tayin abinci in za ta ba shi kanta, ta ƙi. Birju ya girma ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe attajirin, ya lalata littattafan bashin, ya sungumi 'yarsa ranar aurenta. Radha ta riga ta yi wa gari alkawari cewa ba za a taɓa mutuncin 'yar kowa ba tana raye. Ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta.

Wannan shi ne Mother India na Mehboob Khan, fim mai kusan awa uku. Wanda duk ya ɗauka tsofaffin finafinan Indiya rawa ce da guje-guje a bayan itatuwa, ya kamata ya zauna ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe.

Mehboob ɗan ƙauye ne daga Bilimora a Gujarat, bai yi zurfi a karatun boko ba. Ya gudo Bombay yana matashi, ya fara da fitowar cike gurbi a kamfanin Imperial na Ardeshir Irani, mutumin da ya shirya Alam Ara a 1931, fim mai magana na farko a Indiya. Labarin Radha ba sabo ba ne a hannunsa. Ya taɓa yin sa a 1940 da sunan Aurat, kuma Kanhaiyalal da ya fito a Sukhilala a wancan shi ne ya sake fitowa a wannan, bayan shekara 17, da muguntarsa mai haɗe da washe baki. Abin da ya canja shi ne ƙasar. A 1940 Turawan Ingila ke mulki. A 1957 Indiya ta shekara 10 da 'yanci, gwamnatin Jawaharlal Nehru tana ta gina madatsun ruwa, a watan Janairun shekarar ma aka buɗe ta Hirakud. Shi ya sa fim ɗin ya fara da taraktoci da sabuwar hanyar ruwan noman rani, ana roƙon tsohuwa Radha ta zo ta buɗe ta. Nehru da shugaban ƙasa Rajendra Prasad sun kalle shi a Delhi tun kafin ya fita kasuwa.

Sunan ma martani ne. A 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi mai wannan suna, inda ta zayyana ƙazanta da auren wuri da wulaƙancin mata a Indiya a matsayin hujjar cewa mutanen ba su isa riƙe kansu ba. Gandhi ya kwatanta littafin da rahoton duba-gari mai leƙa kwatami. Bayan shekara 30, Musulmi ɗan ƙauye ya karɓe sunan ya ɗora shi kan macen da yunwa ba ta sa ta sayar da mutuncinta ba. Tambarin kamfaninsa kuwa guduma ce da lauje, irin na 'yan gurguzu, amma muryar da ke rakiyarsa tana tuna wa mai kallo cewa abin da Allah Ya so shi ke faruwa. Mehboob bai ga wani saɓani a nan ba.

Ba shi kaɗai ke irin wannan aiki ba, kuma akwai dalilin da ya sa shekarun 1950 suka fita daban. Kafin yaƙin duniya na biyu, manyan kamfanoni ne ke riƙe da harkar, irin su Bombay Talkies da Prabhat na Pune da New Theatres na Kalkata, 'yan wasa na karɓar albashi a wata kamar ma'aikatan gwamnati. Kuɗin da 'yan kasuwa suka tara lokacin yaƙi ya kwararo cikin sana'ar, aka riƙa zawarcin jarumai da kuɗi mai tsoka, tsarin albashi ya rushe. Daraktoci irin su Mehboob da Raj Kapoor da Guru Dutt da Bimal Roy suka kafa kamfanonin kansu, ba mai gidan da zai ce musu kada su taɓa kaza. Sai kuma rabuwar ƙasa ta 1947, wadda ta raba miliyoyin mutane da gidajensu. Mawaƙiya Noor Jehan ta koma Fakistan, su B. R. Chopra suka baro Lahore zuwa Bombay. Birnin ya cika da mutanen da suka san asara da idonsu, da marubutan Urdu masu ra'ayin talakawa irin su Sahir Ludhianvi da Khwaja Ahmad Abbas. Manyan jarumai biyu na zamanin, Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Yusuf Khan, da Raj Kapoor, duk a Peshawar aka haife su, garin da ya faɗa ɗaya ɓangaren iyaka.

A 1952 aka yi bikin finafinan duniya na farko a Indiya, aka nuna Bicycle Thieves na Vittorio De Sica ɗan Italiya, wanda aka ɗauka a kan titi da mutanen da ba 'yan wasa ba. Bimal Roy ya gani, ya fito da Do Bigha Zamin a 1953: manomi ya tafi Kalkata yana jan amalanken ɗaukar mutane da ƙafa don ya fanshi 'yar gonarsa daga hannun mai ƙasa. Balraj Sahni, mai digiri na biyu wanda ya taɓa aiki a BBC a Landan, sai da ya shiga titunan birnin ya koyi jan amalanken a wajen masu sana'ar. Fim ɗin ya samu kyauta a Cannes a 1954. A 1957 kuwa abin ya taru wuri ɗaya. Pyaasa na Guru Dutt ya ba da labarin mawaƙin da ba a san darajarsa ba sai da aka zaci ya mutu. Naya Daur ya sa keken doki tsere da motar haya a kan abincin masu dawakai. Bashi, gona, yunwa da rashin aiki: da waɗannan aka cika gidajen sinima a shekarar, aka kuma ci riba.

Waƙa ce ta riƙa ɗauke nauyin wannan ɗaci. Tun 1935 aka fara tsarin da mawaƙi zai rera a situdiyo, ɗan wasa ya motsa baki a fim, don haka murya ɗaya kamar ta Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi ta iya zama muryar ɗaruruwan fuskoki. A Mother India, Naushad ne ya tsara kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta baitoci, kuma Naushad ya jingina da kiɗan gargajiya da waƙoƙin ƙauye na arewacin ƙasar. Abin dariya, gwamnati ba ta son waƙoƙin fim. Ministan yaɗa labarai B. V. Keskar ya matse su a gidan rediyon ƙasa daga 1952, yana ganin suna ɓata tarbiyya. Jama'a suka murɗa akwatinsu zuwa Radio Ceylon, inda Ameen Sayani ke gabatar da Binaca Geetmala kowane mako. A watan Oktoban 1957 gwamnati ta haƙura ta buɗe tashar Vividh Bharati don ta dawo da masu saurare.

Nargis, wadda ta fito a Radha, sunanta na asali Fatima Rashid. Shekararta 28 da fim ɗin ya fita, kuma ta fito tun daga amarya har tsohuwa tukuf mai rawar hannu, a lokacin da jarumai mata ke gudun a kira su uwa. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju, kwana biyar kacal ta girme shi, duk a watan Yunin 1929 aka haife su. Yayin ɗaukar wani fage na gobara a Gujarat, iska ta juya, wutar gaske ta kewaye Nargis. Sunil ya faɗa ciki ya fito da ita, ya ƙone, ta yi jinyarsa. A watan Maris na 1958 suka yi aure. A shekarar ta ci kyautar jaruma a bikin Karlovy Vary, fim ɗin kuma ya zama na farko daga Indiya da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar a rukunin harsunan waje, inda Nights of Cabiria na Fellini ya yi nasara.

Ba a rasa abin kushewa a cikinsa. Barkwancin tsakiyarsa ya yi tsawo, kuma ya ɗora wa mace haƙurin da ya wuce misali, kamar dai wahalarta ce adon ƙasa. Amma ni a ganina ƙarfinsa yana wajen Birju. Tun yana yaro yake tambayar dalilin da zai sa su noma wani ya kwashe. Da ya girma ya matsa a nuna masa littafin bashin, aka buɗe masa, sai ga shi bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Fim ɗin ya kashe shi a ƙarshe saboda ya taɓa 'yar mutane, amma ko sau ɗaya bai ce lissafinsa kuskure ne ba. Lokacin da Radha ta buɗe hanyar ruwan, ja ya fara kwararowa kamar jini.

Wannan ne, ina jin, ya sa ya samu gida a ƙasar Hausa. Kwarori 'yan Labanan ne suka gina yawancin sinimomin Kano, daga Rex a 1937 zuwa Palace da aka buɗe a cikin birni a farkon shekarun 1950 duk da adawar malamai, kuma su ne suka fara shigo da finafinan Indiya suna haɗa su da na kaboyi. Ba fassara, ba rubutu a ƙasa da yawancin 'yan kallo za su iya bi. Amma manomin da ya san jinginar gona, ya san cin bashin hatsi da damina a biya ninki da kaka, ba ya buƙatar tafinta ya gane wane ne Sukhilala. Ga surukuwa, ga bikin da aka yi da rance, ga kunya tsakanin miji da mata. Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike kan sinima a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana haska Mother India a sinimar Marhaba kusan shekara 40 bayan fitowarsa, 'yan kallo suna bin waƙoƙin suna riga jarumai faɗin maganganunsu. Mata, waɗanda zuwa sinima bai dace da su ba a idon gari, ta talbijin da kaset ɗin bidiyo ya riske su a cikin gida.

Masu shirya finafinan Hausa da suka taso daga 1990 sun ɗebi abubuwa da yawa daga Indiya, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya sha nunawa: waƙa tsakanin saurayi da budurwa, auren dole, mata biyu kan namiji ɗaya. Gonar da littafin bashin ne aka fi bari a baya, alhali ba mu rasa Sukhilalan kanmu ba.

A can Bombay ma zamanin bai daɗe ba. Kaagaz Ke Phool na 1959 ya faɗi warwas a kasuwa, Guru Dutt bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba. Mughal-e-Azam na K. Asif, wanda aka fara shirinsa tun 1944, ya fito a 1960 ya share kasuwa, amma daga Junglee na 1961 sai kala da tsaunukan Kashmir da soyayyar masu hali suka karɓe fage. Son of India, fim ɗin Mehboob na 1962, bai yi kasuwa ba. Ya rasu ranar 28 ga Mayu 1964, kwana ɗaya bayan Nehru. Guru Dutt ya bi shi a watan Oktoba yana da shekara 39, Bimal Roy kuma a Janairun 1966. Nargis ta ja baya da fim bayan aure, ta rasu a watan Mayun 1981, saura 'yan kwanaki a haska Rocky, fim na farko da ɗanta ya fito a matsayin jarumi. Wannan ɗa shi ne Sanjay Dutt, wanda matasan Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin.