Yadda Sawun Masu Waya Ya Zama Haja

Fataucin bayanan wuraren da mutane ke zuwa sana'a ce ta kwanan nan, kuma a Amurka ta samo asali. Tsarin GPS, mai gano wuri ta tauraron ɗan'adam, mallakar sojojin ƙasar ne, kuma da gangan suke rage wa farar hula ingancinsa har zuwa watan Mayun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ɗage takunkumin. A 2008 kamfanin Apple ya saka GPS a wayar iPhone, ya buɗe rumbun manhajojinsa, Google ma ya bi sahu da na Android.

Jama'a ba sa son biyan kuɗin manhaja, masu ƙirƙirarta kuwa sai sun ci abinci. A nan dillalan bayanai suka shigo. Mai manhaja zai cusa wani ɗan shiri nasu a cikin tasa, shirin ya riƙa aika musu inda wayar take, su kuma su biya shi gwargwadon yawan masu amfani da ita. Dillali ya tara, ya sayar wa masu talla da masu zuba jari, har da hukumomin gwamnati. A 2013 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhumi masu wata manhajar tocila ta kyauta, Brightest Flashlight, da miƙa wa 'yan talla wuraren mutane a ɓoye. Tocila dai ba ta da wata buƙatar sanin unguwar mai haska ta.

Hujjar dillalan kullum ita ce ba sa haɗa bayanan da suna. Hujjar ba ta da ƙwari. Wayar da ke kwana a gida ɗaya, ta yini a ofis ɗaya, ta riga ta faɗi mai ita. Wani bincike da aka buga a 2013 kan mutum miliyan 1.5 ya nuna wurare huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin ɗari daga cikinsu. A Disambar 2019 jaridar New York Times ta samu kundi mai ɗauke da sawun wayoyi miliyan 12, ta kuma iya bin diddigin jami'an tsaro da shi.

Abin da ya girgiza Musulmi ya zo a Nuwambar 2020, da kafar Motherboard ta ba da rahoton cewa Muslim Pro, manhajar lokutan salla da alƙibla, tana aika wa wani dillali mai suna X-Mode bayanan wuri, shi kuma cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojojin Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja komai, amma sun yanke hulɗa da dillalin, Apple da Google kuma suka haramta shirinsa.

Daga 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin bin sawun mutum. A Janairun 2024 FTC ta sanar da hana X-Mode sayar da bayanan wurare masu sirri irin su asibitoci da wuraren ibada. Umarnin bai hana sayar da sauran hajar ba.